Kwana huɗu da keke da ƙafa har kufan Inka

Da na je Makka na gaya wa kakata ijazar bana Peru zan tafi, wai zan yi kwana huɗu tsakanin keke da tafiyar ƙasa don in ga Machu Picchu, wani kufai na tsohuwar daular Inka a kan dutse, sai ta ajiye kofin shayinta ta ce "kai maigida, kakanka da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano har Sawakin, amma shi ɗakin Allah ya nufa, kai kufan wa za ka gani har da biyan kuɗi?" Dariya kawai na yi, don ba ni da ta cewa.

Mu biyu muka tafi, ni da wani abokina Bahaushen Sudan ɗan Maiurno, shugul ɗinmu ɗaya a Jidda. To ka san Jidda bakin teku take, shi kuwa birnin Kusko inda ake farawa tsayinsa ya kai mita 3,400, wallahi daren farko kaina kamar ana daka sakwara a ciki, benen masauki hawa ɗaya sai na tsaya na huta. Su can shayin ganyen koka, wanda ake yin hodar iblis da shi, suke ba baƙo kuma yana ɗan taimakawa, amma don Allah kar wani ya yi gangancin zuba ganyen a jaka ya ce tsaraba zai kawo Saudiyya, a can halal ne a dokarsu, a nan kuwa kai ma ka san sauran.

Ranar farko mota ta kai mu Abra Malaga, wata mashiga a saman duwatsu, sama da mita 4,300, sanyi da hazo ko tafin hannunka da ƙyar kake gani. Nan aka ba mu kekuna da hular kwano da safar hannu aka ce bismillah, gangara ce zalla. Duk wanda ya taɓa saukowa daga Ɗa'if ta hanyar Hada ya san irin kwanar da nake nufi, sai dai wannan ta fi tsawo, kuma ruwa na sauka daga dutse ya ratsa kwalta a wurare da yawa, ga manyan motoci suna tahowa. Feda kusan ba ka taɓa ta, birki ne aikin, har yatsuna suka sandare. A wani mararrabar ruwa na matse birkin gaba da ƙarfi sai ga ni a ƙasa, gwiwa ta ɗan goge, mutumina ya wuce yana cewa "malesh ya zol" yana dariya, ko tsayawa bai yi ba ɗan banza. Abin da ya fi ba ni mamaki, mun fara da riguna uku uku, muna sauka muna tuɓewa, kafin mu isa Santa Mariya ga ayaba ga kofi ga zafi kamar ba ƙasa ɗaya ba.

Rana ta biyu ita ce ta ci ni. Tafiyar yini guda, har da wani yanki na tsohuwar hanyar Inka da aka sassaƙa a jikin dutse, faɗinta bai wuce tabarmar salla ba, dama dutse hagu rami, kogin Urubamba can ƙasa kamar zare. Ni da nake taƙama na hau Jabalin Nur ba sau ɗaya ba, a nan da gindi na sauka wasu matakalan, ba kunya. Ga wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da suka mayar da ƙaurina abin tausayi. Da yamma muka shiga ruwan zafi na Kokalmayo kusa da Santa Teresa, nan ne raina ya dawo. Salla dai ƙasaru muke yi muna haɗawa, alƙibla kuma gabas ce da ɗan karkata arewa. Abinci sai da lura don alade ya yi yawa, kifi da dankali da miyar kinuwa, wani ɗan ƙaramin hatsi nasu, muka riƙe.

Ta uku ba wani labari, bin layin dogo ne daga tashar wutar lantarki kamar kilomita 10 zuwa Aguwas Kaliyentes, garin da ke gindin dutsen Machu Picchu.

Rana ta huɗu ƙarfe 4 na asuba muka tashi, matakala wajen awa ɗaya da rabi, mun isa gumi sharkaf hazo ya rufe komai, na ce shi ke nan kuɗina sun tafi. Can sai ya fara yayewa, Machu Picchu ya fito a hankali, mita 2,430 a kan doron dutse. Sarkin Inka Pachakuti ne ya sa aka gina shi wajen 1450, bai fi shekara 100 ba aka watse, Sifaniyawa da suka ci daular ba su taɓa kaiwa gare shi ba. Ana cewa Hiram Bingham ɗan Amurka ya gano shi a 1911, amma fa manoma ya tarar suna noma a wurin, su suka nuna masa. Ni bangon na tsaya wa. Duwatsu manya an goge su an haɗa ba laka ba siminti, na ɗauko katin otal na kara a tsakani ko bakinsa bai shiga ba, kuma mutanen nan ba su da kayan aiki na baƙin ƙarfe. Magudanan ruwan da suka sassaƙa har yau ruwa na bi. Mutumina dai ya dage wai dalar Bajrawiyya ta ƙasarsu, irin ginin dala na Masar, ta girme shi nesa, gaskiyarsa ne, amma na ce masa ita ai a kan rairayi take, mota ke kai ka har gindinta.

Da na dawo na kai wa kakata hular gashin alfaka, wata dabbarsu dangin raƙumi, na nuna mata hotuna a waya. Ta daɗe tana kallo tana matso da fuska, sai ta ce "to su da suka yi wannan aiki haka, me ya hana su yin rufi?" Na ce na ciyawa ne ya ruɓe. Ta ce in nuna mata gwiwar.