Voisin III: jirgin da ya ɗauko injinsa a baya

Wanda ya kalli hoton jirgin saman yaƙi Voisin III zai ga kamar an yi kuskure wajen haɗa shi. Farfela tana baya, inji yana baya, mutum biyu kuma suna gaba a cikin wani akwati mai kama da kwale-kwale. Da gangan kamfanin Gabriel Voisin na Faransa ya ƙera shi haka a 1914, shekarar da aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma wannan tsari shi ne ya ɗaukaka jirgin, shi ne kuma ya kayar da shi.

Fukafukansa hawa biyu ne, faɗinsu ya kusa mita 15. Ƙashin jikinsa bututun ƙarfe ne aka lulluɓe da yadi, a zamanin da yawancin jirage katako ne, don haka yana jure kwana a fili cikin ruwa da sanyi. Tayoyi huɗu gare shi, biyu gaba biyu baya, abin da ke hana shi kifewa ta hanci idan ya sauka a gona mai gargada. Injinsa Salmson ne mai silinda 9 da aka jera a da'ira, ƙarfin doki 120, ana sanyaya shi da ruwa. Gudunsa bai wuce kilomita 105 a awa ba, bam kuma kilo 90 ko kusa da haka yake ɗauka.

Amfanin mayar da farfela baya shi ne gaba ya zama a buɗe. A 1914 ba a sami dabarar harbi ta tsakanin farfela ba tare da an farfasa ta ba. Shi Voisin ba ruwansa da wannan matsala. Matuƙi yana zaune a gaba, mai leƙen abokan gaba yana bayansa, idan za a yi harbi sai ya miƙe tsaye ya kama bindigar Hotchkiss da aka kafa a kan ƙarafa bisa kan matuƙin. Da haka ne, ranar 5 ga Oktoba 1914, Saje Joseph Frantz da makanikensa Louis Quénault suka harbo jirgin Jamus samfurin Aviatik kusa da birnin Reims na Faransa. Shi ake ƙirgawa karo na farko da jirgi ya harbo ɗan'uwansa a sama da bindiga. Ita kuwa bindigar, jerin harsashinta gajere ne, kuma tana yawan cijewa, ga sanyi ya ƙandarar da yatsun mai gyara ta.

Bama-baman farko ba don jirgi aka yi su ba. Harsashin igwa ne mai milimita 90 ko 155 aka yi wa fukafukin jela don ya faɗi ta kai. Akwai kuma ƙananan kibau na ƙarfe da ake zubarwa kan sojoji da dawakai. Saiti kuwa da ido ne: jirgi a hankali, iska tana jan sa gefe, sai bam ya sauka can nesa da inda aka nufa.

Duk da haka, ranar 27 ga Mayu 1915 jiragen Voisin 18 suka tashi daga kusa da Nancy a Faransa suka kai hari masana'antar sinadarai ta BASF a birnin Ludwigshafen na Jamus, ramuwar iskar guba da Jamus ta saki a Ypres ta ƙasar Beljiyam cikin Afrilu. Kwamandansu, Louis de Goÿs, injinsa ya ba shi matsala, ya sauka a ƙasar abokan gaba aka kama shi.

Lagon jirgin yana bayansa. Mai bindiga ba zai iya harbi ta can ba, domin inji da farfela da ƙarafan jela sun tare shi. Harsashi ɗaya a lagireto ya isa ruwa ya tsiyaye, inji ya ƙone. Ko kwanson harsashi ya kuɓuce, iska baya take kai shi, wurin farfela. Da Jamusawa suka fito da jirgin Fokker mai harbi ta tsakanin farfela a tsakiyar 1915, sai suka riƙa zagayowa ta baya, daga ƙasa-ƙasa, inda babu mai mayar musu da martani. A ganina laifin ba na maƙerin ba ne, zamani ne ya wuce jirgin cikin shekara guda. Asara ta yi yawa, Faransa ta mayar da Voisin aikin dare, wasu kuma aka ba ɗalibai masu koyon tuƙi.