Asabar tsakanin filaye biyu

Sha ɗaya na dare ta gota, sai yanzu gida ya yi tsit na samu na zauna. Tun da kakar besbol, wasan nan na jefa ƙwallo a buge ta da kulki, ta kankama a nan Greensboro ta Amurka, Asabar ta daina zama ranar hutu a gidanmu. Jadawalin wasannin da ke manne a jikin firij shi ke faɗin lokacin tashi da lokacin girki, har da ranar da za a yi wa Ummi kitso.

Yau Abba yana da wasa ƙarfe goma, Ummi kuma nata na softbol, ɗan'uwan besbol da 'yan mata suka fi bugawa, goma da rabi a can ɗaya gefen gari. Abin da aka saba shi ne babansu ya bi Abba, ni in bi Ummi. Ba wanda ya taɓa zama ya yanke haka, kawai an wayi gari ana yi. To daren jiya ina taje mata kai, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Mama, bana fa Baba bai taɓa zuwa ya ga na buga ba." Bayan sun kwanta na same shi na maimaita masa maganar yadda ta fito daga bakinta. Ya yi jim, can ya ce, "Ai Abba ne zai yi jifa gobe." Na ce, "Baban Abba, yarinyar nan tana lura da komai, kawaici kawai take yi." Bai amsa ba. Amma da aka idar da sallar asuba, shi da kansa ya ɗauki jakarta da hular kwanonta ya kai motarsa.

Ni da Hajiya, surukata da ta zo mana daga Kano, muka fara kai Auta nasu wasan na ƙanana, inda ake ɗora ƙwallo a kan wani ɗan turken roba yaro ya maka mata kulki. Ya buga, ya ruga hagu maimakon dama, iyaye suna ta tafi. Daga nan muka wuce filin su Abba.

Da yake babansu ne ke ƙirga jifa a kullum, yau ni koci ya miƙa wa takarda da biro. Aikin ba na wasa ba ne. A dokar Little League, ƙungiyar da ke shirya wa yara waɗannan wasanni, tun 2007 ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce jifa 85 a rana, kuma a dokar yanzu in ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu kafin ya sake hawa tudun jifa. Ƙafa 46 ce tsakanin tudun da mai bugu. A ido tazarar kamar ba komai, amma na zauna daf da ragar ƙarfen ina jin ƙarar ƙwallo duk sa'ad da ta faɗa safar mai cafewa, ina ganin yadda Abba ke girgiza hannun damansa kafin ya sake ɗagawa. A zagayen farko jifarsa tsaf take tafiya. Zuwa na huɗu ƙwallon ta fara yin sama, gwiwar hannunsa ta fara saukowa. Duk layin da na ja a takarda sai gabana ya faɗi.

A zagaye na biyar cikin shida ya cika 85, suna gaba da maki ɗaya. Na ɗaga hannu na sanar da koci. Doka ta yarda ya ƙarasa da yaron da ke gabansa, ya ƙarasa, sannan koci ya taka har tudu ya miƙa hannu a ba shi ƙwallo. Abba ya kalle shi, ya kallo ni. Wani uba a bayana yana ta gunaguni wai da an ƙyale yaron ya gama, wa zai sani. Ni zan sani. Ƙashin ɗan shekara goma sha biyu bai gama ƙwari ba, kuma ba kofin da ya kai hannun ɗana daraja a wurina. Yaron da ya karɓe shi ya yi iya ƙoƙarinsa, aka ci su da maki biyu.

A mota Abba ya jingina kai da gilashi bai ce uffan ba. Ni ma na yi shiru, don na san duk abin da zan faɗa zai ji shi kamar kare kai. Hajiya ce ta buɗe jakarta ta ɗebo dambun nama ta miƙa masa baya, ta ce, "Karɓi, maigidana. Ni ban gane kan wasan nan ba, amma na ga lokacin da ka ba mutumin nan ƙwallo ba ka yi masa musu ba. Wannan na gani." Ya karɓa ya ci. Muna dab da gida ya tambaye ni jifa nawa ne suka shiga daidai, na ba shi takardar ya duba da kansa.

Wasan Ummi kuwa a waya na gani. Babansu ya ɗauko hoton bidiyo yana ta rawa, rabinsa sama ce da raga. Ga ta nan dai, hijabinta a ƙarƙashin hular kwano, mai jifa ta juya hannu ta sako rawayar ƙwallon nan ta ƙasa yadda ake yi a softbol, Ummi ta maka mata ta wuce tsakanin 'yan mata biyu. Sai muryar babansu ta cika wayar, da Hausa tsantsa, a tsakiyar mutanen da ba su jin ko "zo": "Gudu, uwata! Gudu, kar ki tsaya!" Ta kai zango na biyu cikin waɗanda mai bugu ke zagayawa da gudu ta tsaya tana waige-waige, shi take nema. Hawaye suka zubo mini a tsaye a kicin. Sai a 1974 aka buɗe wa 'yan mata ƙofar Little League, yanzu kuma tun 2021 a Greenville, cikin jiharmu ta Karolina ta Arewa, ake gasar softbol tasu ta duniya. Ummi ta ce babanta ya yi mata alkawarin kai ta kallo a watan Agusta.

Da la'asar layina ne a rumfar sayar da ciye-ciye ta filin, don duk iyaye sai sun yi. Na roƙi a bar ni a ɓangaren lemo da gugguru saboda naman alade, ba wanda ya yi mini gardama. Hadari ya taso, aka ji tsawa, alƙalin wasa ya kori kowa zuwa mota, sai an yi minti 30 ba a sake ji ba. A cikin jiran nan ne maganar da Hajiya ta yi da rana ta dawo mini: "Yaushe rabon yaran nan da zuwa wurin malam ranar Asabar?" Gaskiyarta. Mun mayar da Islamiyya Lahadi, amma haddar Abba ta tsaya cak tun farkon kaka, kuma sau da yawa abincin dare a mota ake cinsa, kowa da robarsa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Ba don yaranmu su ci abinci a bayan mota muka baro gida ba.

Shi ya sa da na dawo, duk da gajiya, na tuƙa tuwon shinkafa na kaɗa miyar kuka, na ce ba wanda zai ci sai an hallara. Magariba a nan yanzu sai bayan takwas. Muka yi sallah, muka zauna a ƙasa. Ummi ta ba da labarin bugunta, Abba ya gyara mata riƙon kulki da muciya, Auta ya yi barci da loma a hannu.

Akwai maganar da ba mu gama ba. Koci ya ce yana son sa sunan Abba cikin zaɓaɓɓun da za su wakilci unguwa a gasar bazara, wadda ake fara ta a watan Yuni, ƙarshenta kuma can Williamsport a Pennsylvania cikin Agusta, garin da aka kafa Little League a 1939. Mu kuma lokacin ne muka tsara raka Hajiya Kano, yaran su ga dangi. Abba bai san da maganar ba tukuna. Ni ra'ayina a tafi gida. Babansu ya ce zai tambayi koci ainihin ranakun ranar Talata kafin a sayi tikiti.