Kallabin kwarashi da zaren Malama

An yaye mu daga ajin saƙa, an ba kowa takardar shaida da kwarashi biyu a leda, an ɗauki hoto, kowa ta kama gabanta. Tun daga ranar 'yan ajin da ke bayanmu suke turo min saƙo a kan aikin farko, wato ɗan kallabin nan mai kusurwa uku da 'yan mata ke kira bandana. Na gaji da amsa wa kowa ita kaɗai, shi ya sa na zauna in rubuta a wuri guda, har da abin da ba a tambaye ni ba.

Gaskiyar Malama ce da take fara wa sababbi da shi. Dunƙulen zare ɗaya mai giram 50 ya ishe ki, da kwarashi mai lamba 3.5 ko 4, kuma ba aikin da zai cinye miki wata ba ne kamar shawul ɗin jariri. Sarƙa huɗu za ki yi ki haɗe su zobe, ki riƙa yin doguwar saƙa, wato wadda ake naɗa zare a kwarashi kafin a cusa shi, uku-uku a rami ɗaya, kowane layi ki ƙara a tsakiya da gefe biyu, ki juya ki dawo. Shi ke nan fa. Amma duk halin hannunki a nan yake fitowa. In kina matse zare, kallabin zai tattare ya yi zurfi ya ƙi kwanciya. In kin zarce da ƙari, bakinsa zai yi ta lanƙwasa. In kin manta ƙarin gefe a layi ɗaya tak, za ki ga ɓangare guda ya fi ɗan'uwansa tsawo, kuma babu fure ko maɓalli da za ki liƙa ki ɓoye.

Inda muka saɓa da ita a kan zare ne. Kun san dokar ajin: zare a wurinta ake saye, daga jakar nan da take ajiyewa ƙarƙashin tebur, kuma ulu ne na roba, a farashin da ya haura na kasuwar Sabon Gari. Ba na kushe ulun roba. Hular jariri da safa da rigar sanyi lokacin hunturu, babu kamarsa, ga arha ga laushi ga saurin bushewa. To amma kallabi a kai ake ɗaura shi, yawancinmu kuma a ƙarƙashin mayafi ko hijabi, a garin da zafin watan Afrilu ke kai maki 40 har ya wuce. Daga sinadaran man fetur ake yin wannan zaren, ba ya shan gumi, yana riƙe zafi, in dutsen guga ya taɓa shi ya narke ya ƙandare. Na ɗaura wanda wata 'yar ajinmu ta gama, kafin la'asar kaina ya jiƙe sharkaf, gefen kitsona sai ƙaiƙayi yake.

Sai na je Sabon Gari na sayo zaren auduga, ruwan ƙasa, na fara nawa da shi. Auduga ta fi wuyar sha'ani ga sabuwar hannu, domin ba ta miƙewa, tana rabewa a bakin kwarashi, ga ta da sa yatsa ciwo. Amma tana kwanciya lafiya lau, tana shan gumi, a wanke ta a goge ba fargaba, kuma ramukan saƙar suna fitowa tsaf.

Na kusa kammalawa Malama ta zo wucewa ta bayana. Ta ɗauka, ta murza shi tsakanin yatsunta, ta ce, "Ke, wa ya ce ki sayo wannan?"

Na ce, "Malama, ki yi haƙuri, wancan ɗin yana da zafi a kai ne."

Ta ce, "Au, har kin isa ki koya min aikina? Tun ba a haife ki ba nake riƙe kwarashi."

Ta zare kwarashin, ta kama bakin zaren ta ja. Wadda ta san saƙar nan ta san abin da ke faruwa in an ja bakin zare: layi bayan layi yake warwarewa, ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. Ita kuwa ba ta tsaya ba sai da ta kai zoben farko. Ta zube min zaren a cinya duk ya nannaɗe, ta juya ta ce wa aji, "Ku gani, wannan shi ne sakamakon rawar kai." Ba wadda ta yi dariya, zan faɗi wannan don 'yan ajinmu, amma ba wadda ta ɗaga kai.

Na sayi zarenta na saƙa wanda za a ba wa maki, ta ba ni maki na tsaka-tsaki. Audugar kuma na naɗe ta a gida, na sake saƙa ta da daddare, na yi mata ƙananan tudu a baki, na riƙa ɗaura ta ƙarƙashin mayafina ina zuwa aji. Wata rana muna alwala mayafin ya zame, Malama ta hango. Wannan karon muryarta a sanyaye: "'Yata, kawo in duba." Na kwance na miƙa mata da hannu biyu. Ta ce za ta dawo min da shi gobe.

Ban ƙara ganinsa ba sai ranar yaye. Yana tsakiyar teburin baje koli, an shimfiɗa shi a kan farin ƙyalle, ga ɗan kwali a gefe ɗauke da sunan wata ɗaliba, 'yar ƙanwar Malama, wadda duk mun san har aka gama zangon ba ta iya juya layi ba sai an kama mata. Manyan baƙi mata suka tsaya a kansa suna shafawa, ɗaya ta tambaya ko za a yi wa 'ya'yanta irinsa. Ina tsaye a layi na ji Malama tana yi musu bayani cewa ita ai auduga take sa ɗalibanta su yi amfani da ita, saboda yanayin garinmu, don ulun roba yana da zafi a kai. Maganata ce, ko harafi ba ta sauya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ana tambayata me ya sa na yi shiru. Takardar shaidar sai da sa hannunta, jerin sunayen waɗanda za a ba kayan fara sana'a kuma ita ke rubutawa. Da na faɗa wa Umma da daddare, cewa ta yi, "Ki bar ta da halinta, hannun da ya saƙa yana jikinki, bai tafi da ita ba." Na bar ta. Amma barin ba yafewa ba ne, ban kai nan ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya in ce na kai ba. Na ji yanzu jakar ƙarƙashin tebur har da auduga a ciki, a farashinta ita.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Ki auna kan mai shi da tef kafin ki fara. Kan babbar mace ya kan kai inci 22, kallabin kuma ba ya buƙatar zagaye kan duka, igiyoyi ne ke cike ragowar. Igiyar kada ki bar ta sarƙa zalla, ki bi ta kanta ki dawo da layi ɗaya, in ba haka ba ta yi siriri ta riƙa cin ƙeya. Bakin zare da allura ake cusa shi cikin saƙa, ƙulli yana kwancewa a wanki. In launi biyu za ki haɗa, musamman ja da fari, ki jiƙa guntun jan a ruwa ki ga ko yana zuba. Zaren aiki ɗaya a saye shi rana ɗaya, don launin da kika samu yau ba lallai ya yi daidai da na mako mai zuwa ba ko da sunansu ɗaya. In kin zo sa kuɗi, ki lissafa zaman da kika yi, ba zare kaɗai ba, ko da mai sayen ƙawarki ce.

Ku da ke ajin yanzu, ku sayi dunƙule ɗaya a wurinta ku yi na maki, ba sai kun ja da ita ba. Na kanku ku saƙa a gida, ku ɗauki hotonsa tun yana kan kwarashi a hannunku, ku tura wa wata don kwanan wata ya zauna. In kuma ta ce a kawo ta duba, ki matsa kusa ki nuna mata yana kanki a ɗaure.