Tafiya Norman, garin ƙungiyar da ta ci wasa 47 a jere

Daga birnin Oklahoma zuwa Norman tafiyar kilomita 30 ce, a kan babban titin I-35 da ya yi kudu. A ranar da babu wasa rabin awa ta isa. Ranar Asabar ɗin wasa kuwa sai a ninka, domin filin ƙwallon Jami'ar Oklahoma da ke garin yana cin mutum wajen 80,000, kuma kusan kowa da motarsa yake zuwa. Shi ya sa na zaɓi tsakiyar mako, na ajiye mota a Campus Corner, unguwar shaguna da ke arewa da jami'ar, na ratsa makarantar da ƙafa. Ƙasar yankin ja ce jawur, iska kuma ba ta hutawa.

Abin da ya kai ni shi ne kakar 1956 ta ƙungiyar Jami'ar Oklahoma a ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ana ba masu riƙe da ƙwallo dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kai ta ƙarshen fili maki 6 ne, bugun da ke biyo baya maki 1. A wannan shekara Oklahoma ta buga wasa 10 ta cinye duka, ta tara maki 466, aka zura mata 51 kacal, kuma a wasa shida abokan karawarta ko maki ɗaya ba su samu ba.

A harabar filin akwai mutum-mutumin kocinsu na lokacin, Bud Wilkinson, wanda ya karɓi ƙungiyar a 1947 yana ɗan shekara 31. Tsarin da ya yi suna da shi, Split-T, ba shi ya ƙirƙiro ba. Wurin Don Faurot na Jami'ar Missouri ya koya, lokacin da suka yi aiki tare a ƙungiyar sojan ruwa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai na tsaya ina kallon layukan filin sannan na ga yadda duk dabarar ta rataya a kan ɗan taƙi. A da 'yan sahun gaba su bakwai kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa. A wannan tsari sai su ware, a bar kamar ƙafa ɗaya kusa da ɗan tsakiya, ratar tana ƙaruwa zuwa ƙafa uku ko huɗu can gefe. Mai tsaron baya ya shiga tsaka mai wuya: in ya bi su ya ware, hanya ta buɗe tun ba a taɓa ƙwallo ba, in ya ƙi warewa, an same shi a karkace, ture shi ba wuya.

Mai rabon ƙwallo, wato wanda ke karɓar ta daga hannun ɗan tsakiya, shi kuma ba ya ja da baya. Da ya karɓa sai ya bi gefen sahu a guje. Ko dai ya danƙa wa mai gudu na farko da ke kutsawa kai tsaye, ko ya wuce da ita har gaban mai tsaron gefe, wanda da gangan ake bari babu mai tare shi. In mutumin ya yo kansa, sai ya cilla ƙwallon ga mai gudu na biyu da ke biye da shi ta waje. In ya bi wancan, shi ya yanke ciki da kansa. Inda abin yake ɓaci shi ne cillawar: in aka yi ta da wuri mai tsaron zai iya tare mutum biyun, in aka makara hannu ya riga ya taɓa mai rabon, ƙwallo ta faɗi ƙasa kowa na iya ɗauka. Jimmy Harris ne ya riƙe wannan aiki a 1956, kuma ya gama jami'a ba a taɓa cin ƙungiyarsa a wasan da ya fara ba.

Ga kuma sauri. Dokar lokacin, tun 1953, ta taƙaita canjin 'yan wasa, don haka mutum ɗaya shi ne a kai hari, shi ne a tsaro. Wilkinson ya horar da rukuni biyu da ƙarfinsu ya yi kusa, yana sauya su, kuma da an busa usur sai su tashi a guje su sake jeruwa. Da haka suka gajiyar da Maryland a Orange Bowl, wasan ƙarshen kaka, na Janairun 1956: ana cin Oklahoma 6-0 a hutun rabin lokaci, ta yi nasara 20-6. A ganina wannan ne ya fi tsarin tsayuwar tasiri, domin ƙungiyoyi da yawa suna amfani da Split-T a lokacin, amma ba su da mutum 22 da za su jure wannan gudu.

Wasa ɗaya ne ya ba su wuya a kakar, na Colorado a Boulder, garin da ke bisa tudu fiye da mita 1,600. Mako guda kafin nan sun lallasa Notre Dame 40-0 har gida, sai ga shi an tafi hutu Colorado tana gaba 19-6. Bayan dawowa Oklahoma ta ci maki 21 ba a rama ko ɗaya ba, aka tashi 27-19.

Gabas da filin, a tsallaken titin Jenkins, akwai dandalin mutum-mutumin 'yan makarantar da suka ci kyautar Heisman, ta gwarzon shekara. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, daga Billy Vessels na 1952, babu ɗan 1956 a ciki. Tommy McDonald ya zo na uku, Jerry Tubbs na huɗu, ƙuri'un Oklahoma suka rabu biyu, kyautar ta tafi ga Paul Hornung na Notre Dame, ƙungiyar da ta ci wasa 2 ta faɗi 8. Har gobe ban ga adalci a wannan ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Duk 'yan babbar ƙungiyar ta 1956 fararen fata ne. A shekarar ne Prentice Gautt, baƙar fata na farko da ya buga wa makarantar, ya shigo aji ɗaya, da tallafin kuɗin da likitoci da masu shagunan magani baƙaƙen fata na birnin Oklahoma suka tara masa. Yau cibiyar karatun 'yan wasa ta jami'ar sunansa take ɗauke da shi.

Daga Norman na ci gaba kudu a kan I-35, kilomita wajen 300, awa uku, na haye kogin Red River na shiga Texas. A filin Cotton Bowl na Dallas ake karawar Oklahoma da Texas duk watan Oktoba, lokacin babbar kasuwar baje kolin jihar, kuma daidai layin tsakiya ake raba kujerun magoya baya gida biyu. Nan Oklahoma ta fara jerin nasarorinta na wasa 47 a 1953 da ci 19-14, nan kuma Oklahoma ta ci 45-0 a 1956.

Duk da an naɗa su zakarun ƙasa karo na biyu a jere, ba su buga wasan ƙarshen kaka ba, saboda dokar rukuninsu na Big Seven ta hana ƙungiya ɗaya zuwa Orange Bowl shekara biyu a jere. Colorado ce ta tafi a madadinsu. Jerin ya ci gaba har 16 ga Nuwamban 1957, ranar da Notre Dame ta zo Norman, ta tura ƙwallo yadi 80 a zangon ƙarshe, ɗan wasanta Dick Lynch ya zagaya ta gefe a dama ta huɗu daga yadi 3, aka tashi 7-0.