Babin da aka soke da jan biro

Na kare digiri na biyu a kimiyyar siyasa, ga kuma saƙona ga 'yan bayana a sashe.

Bincikena a kan juyin mulkin soja ne a Afirka, shi ya sa babi na biyu ya jingina da Ruth First, wadda a 1970 ta fitar da nazari mai zurfi a kan juyin mulkin Najeriya da Ghana da Sudan. Malamin da ke duba aikina ya bi shafukan da jan biro, ya rubuta a gefe: "Bayahudiya 'yar gurguzu me ta sani game da sojojinmu?" Ban ce uffan ba. Wanda makinka ke hannunsa ba a ja-in-ja da shi.

Amsar da na haɗiye ita ce wannan. An haifi matar a Johannesburg a 1925. Tana cikin mutum 156 da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta gurfanar a 1956 bisa zargin cin amanar ƙasa, tare da Mandela. A 1963 aka kulle ta ita kaɗai kwana 117. A watan Agustan 1982 aka aika mata bam cikin wasiƙa, ya tashi da ita a ofishinta na Jami'ar Eduardo Mondlane da ke Maputo. Ga kuma Helen Suzman, ita ma Bayahudiya, wadda daga 1961 zuwa 1974 ita kaɗai ke wakiltar jam'iyyarta a majalisar Afirka ta Kudu, tana titsiye ministoci da tambayoyi. Su biyun ma ba aƙidarsu ɗaya ba, amma maganar Malam ta zuba Yahudawa duka a kwando guda. Gaskiyar magana, bai taɓa buɗe littafin First ba.

Na cire babin. Ranar kare aiki, mai jarrabawa daga waje ya tambayi dalilin da ya sa babu First a ciki. Malam ya gyara zama ya ce, "Ai na gaya mata ta saka, yaran yanzu ba sa ji." Ina tsaye, takardun jan bironsa na cikin jakata.

Don haka ku adana duk shafin da aka yi muku gyara a kai, ku ɗauki hotonsa. Kafin ku kawo marubuci, ku gano ko mai dubawa ya karanta shi. Ku girmama sakatariyar sashe, ita ta san inda fayil yake kwana. Kada ku buga kwafin ƙarshe sai kun ga sa hannu.