Daga gonakin Erin zuwa majalisar Wisconsin

Da hantsi muka bar Milwaukee, birni a jihar Wisconsin ta Amurka, a motar haya, muka nufi arewa maso yamma. Ba mu cika awa guda ba muka shiga Erin, ƙauyen da 'yan Ireland suka sare a farkon shekarun 1840. Tituna har yau da sunayen gida suke, ga Donegal, ga Dublin. Ƙasar kuwa tudu ce da kwari, ga duwatsu birjik. Abokin tafiyata, wanda noma ne gadon gidansu, ya leƙa ta taga ya ce, “Malam, wanda ya nome wannan wuri da shanu ba rago ba ne.”

Yunwa ce ta ƙaro su. Daga 1845 cuta ta afka wa dankalin Turawa a Ireland, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka tsallaka teku. A nan kuwa, a lokacin, gwamnati na sayar da eka ɗaya dala 1.25. Muka hau tudun Holy Hill, inda babban cocin Katolika yake, muka hango gonakin sun miƙe har inda ido ya tsaya.

Washegari sai Madison, babban birnin jihar. Ginin majalisar na tsakanin tafkuna biyu, Mendota da Monona. Na da ya ƙone a 1904, wannan aka kammala a 1917. A zauren wakilai na tsaya ina lissafin yadda baƙon manomi ya kai kan kujera. Ashe hanyar ba ta da tsawo. Tsarin mulkin jihar na 1848 ya ba baƙo damar ƙuri'a bayan zaman shekara guda, muddin ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa. Amma fa farar fata, kuma namiji; matarsa da suka yi sassabe tare ba ta da ta cewa. A wancan zamani wa'adin wakili shekara ɗaya ne, alawus dala biyu da rabi a rana, zama kuma a Janairu ake farawa, lokacin da ƙanƙara ta rufe gona, garma na jingine. Kafin shuka mutum ya koma gida.

Abokina ya ce shi wannan tsari ya fi masa: wakilin da zai dawo ya yi huɗa kusa da waɗanda suka zaɓe shi, da wuya ya yi musu ƙarya. Ni dai na ce alawus ɗin ne ya hana kowa liƙewa a kujerar. Muna wannan musu mai gadi ya zo ya ce lokacin rufe ƙofa ya yi.