Talata: farantin Neo Geo da ya ƙi zama a akwatin Alhaji

Yau tun da hantsi wani Alhaji mai shagon wasan yara a Zango ya sa aka turo mini akwatin wasan bidiyo a kan amalanke, tare da farantin Neo Geo MVS mai gurbin kaset biyu da ya sayo daga Kano, wato allon lantarkin da ke tafiyar da wasa a irin akwatunan nan na shago. Ya ce mini: "Malam, in ya mutu ka faɗa mini gaskiya, in san na yi asara." Na roƙe shi ya ba ni zuwa la'asar, domin ba na son yanke wa faranti hukunci kafin in auna abin da ake ciyar da shi.

Da na kunna, hoto yakan fito ya ɗauke, na'urar tana ta sake tashi da kanta. Akwatin wuta yana nuna volt 5, amma da na ɗora abin awo a kan farantin kansa sai na ga 4.6 kacal, ke nan wutar tana ɓacewa a hanya. Bakin haɗin JAMMA, wato inda faranti ke haɗuwa da wayoyin akwati, wanda masu ƙera akwatunan wasa na Japan suka amince da shi a 1985, haƙora 56 gare shi, 28 a kowane gefe, kuma ƙurar hunturun Damagaram ta riga ta yi musu lulluɓi. Na goge su da alkol ɗaya bayan ɗaya, na sake wayoyi biyu da suka ƙone, wutar ta dawo 5.05, hoton ya tsaya.

Sai saƙon kuskuren ma'ajiyar saituna ya bayyana. Wannan ne ya fi ɓata mini rai, saboda kamfanin SNK ya fitar da tsarin nan a 1990, kuma ƙaramin batirin da ke riƙe saituna da agogo, idan ya tsufa, yakan zubar da ruwa ya cinye siraran hanyoyin tagulla da ke kewaye da shi. Na cire shi, na wanke wurin, na bi hanyoyin da madubin ƙara girma har na sami uku da suka yanke, na haɗa su da siririyar waya da dalma. Aikin ya ci mini har bayan azahar, kuma da wanda ya riƙe farantin a baya ya cire batirin da wuri, da duk wannan bai faru ba.

Sauran matsalolin na rashin dacewa ne. JAMMA na asali maɓalli uku yake bai wa kowane ɗan wasa, Neo Geo kuwa huɗu yake bukata, don haka na ja waya zuwa haƙori na 25. Sauti ma ya fito siriri, domin farantin mai gurbi biyu yana fitar da hagu da dama ta haƙoran da akwatin ya tanada wa lasifika guda, sai da na sake ɗaurin wayoyin.

Da Alhaji ya dawo na nuna masa cewa ɗaya daga kaset ɗinsa na AES ne, wato na gida, kuma ba ya shiga gurbin MVS ko da wasan iri ɗaya ne. Ya yi shiru, sannan ya ce zai mayar wa mai shi. Na bar farantin a kunne har magariba bai ɗauke ba, gobe kuma zan sa masa sabon batir kafin a mayar da akwatin Zango.